Ranar Sardauna, Ranar Abiola, Ranar Ɗan Yayata

Wani daren 12 ga Yuni, bayan sallar Isha'i, ina zaune a teburin mai shayi a Agege sai ga ɗan yayata ya iso da waya a hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Gyaran waya yake koyo a Computer Village da ke Ikeja, kuma ranar ce zagayowar ranar haihuwarsa. Ya ce, "Kawu, ashe rana ɗaya aka haife ni da Sardauna!" Ya miƙo mini wayar. Ga shi nan a rubuce: Sir Ahmadu Bello, Rabah, 12 ga Yuni 1910. Ƙasa da shi akwai George Bush babba, tsohon shugaban Amurka, 1924. Sai kuma hukuncin ɗaurin rai da rai da aka yanke wa Nelson Mandela a 1964, shi ma 12 ga Yuni.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da safe da ya gaya wa maigidansa Bayarabe cewa yau ranar haihuwarsa ce, mutumin bai ambaci Sardauna ba ko kaɗan. Rungume shi ya yi, ya ce ai shi ɗan ranar Abiola ne. Rana ɗaya ce a kalanda, amma abin da ta tuna wa maigidan daban, abin da ta tuna wa yaron daban. Tun daga daren nan nake juya maganar a raina, domin na ga ta fi ƙarfin hirar teburin shayi.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ba ya son kai. Kwanakin shekarar Boko 365 ne, ko 366 a shekara mai tsawo. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun ƙarshen 2022. Idan aka raba, kowace rana ta kalanda tana da mutum wajen miliyan 22 da ke raye yanzu. A Najeriya kaɗai, da mutanenta suka haura miliyan 200, duk ranar da ka taɓa za ka samu sama da rabin miliyan. To ina ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya? Da a ce shahararrun mutanen da duniya ta taɓa yi 3,650 ne kacal, da kowace rana ta samu goma. Alhali sun ninka haka sau ba adadi. Saboda haka babu ɗan Adam da ba ya tarayya da wani babban mutum a ranar haihuwa. Mai tura baro a Mile 12 yana da nasa sarkin ko shugaban ƙasar, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wani lissafi da ya fi wannan ba da mamaki, kuma na ga mutane da yawa suna musunsa har sai sun gwada. Idan mutum 23 suka taru a wuri ɗaya, yiwuwar a samu biyu daga cikinsu da ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi, wato kashi 50.7 cikin ɗari. 'Yan wasa 22 da alƙalin wasa ke nan a fili guda. A danfo, motar haya ta Legas, mai mutum 18 yiwuwar ta kai wajen ɗaya bisa uku. In suka kai 57 ta zama kashi 99. Dalilin da ya sa hankali ke ƙin yarda shi ne kowa kansa yake kallo, yana tambaya, "Wa ke da rana irin tawa?" Amma lissafin bai damu da kai kaɗai ba. Yana gwada na ɗaya da na biyu, na ɗaya da na uku, na biyu da na goma, har a gama kowa da kowa. Mutum 23 suna ba da irin wannan haɗi na biyu-biyu har 253. Idan ka jefa ƙugiya sau 253, ba abin mamaki ba ne ka kamo kifi. Amma idan ranarka ce takamaimai kake nema wa abokin tarayya, sai ka tara mutum 253 kafin yiwuwar ta kai rabi. Abin da muke kira dace sau da yawa yawan gwaji ne kawai da ba mu lura muna yi ba.

Sai kuma zaɓe. Wanda ya buɗe intanet ya ga jerin sunaye hamsin na ranarsa, ba duka yake ɗauka ba. Yana tsince wanda yake so ya bar saura. Wanda aka haifa 9 ga Agusta zai yi alfahari da Malam Aminu Kano, da aka haifa a ranar a 1920, amma da wuya ya ambaci cewa a ranar ce a 1945 aka jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki. Ban taɓa jin wanda aka haifa 20 ga Afrilu yana shela cewa ranarsa ɗaya da Hitler ba. Muhammadu Buhari da Fafaroma Francis duk 17 ga Disamba ne, ɗaya 1942 ɗaya 1936, to wane hali ranar ta raba musu? Mu ma ba sai mun je nesa ba. Hassan da Hussaini ciki ɗaya, rana ɗaya, sau da yawa sa'a ɗaya, amma kowace uwar tagwaye za ta gaya maka wanne ne mai sanyi, wanne ne mai zafi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: kama da wane ba ta wane.

A nan ne nake jin tsoro ga yaranmu, domin daga "ranata ɗaya da Sardauna" zuwa "don haka ina da jinin mulki" taku ɗaya ne, daga nan kuma sai shafukan da ke cewa wanda aka haifa a wata kaza tauraronsa kaza ne, halinsa kaza, matar da ta dace da shi kaza. Wannan duba ne da ya sa rigar zamani, kuma malamanmu ba su ɓoye hukuncinsa ba. Maganganun da ake rubutawa a can an ɗinka su ne yadda za su shiga kowa: kana da kirki amma mutane ba sa fahimtarka, kana da haƙuri amma in ka fusata ba kyau. Wa zai karanta wannan ya ce ba shi ba ne?

Ba ina cewa lokacin haihuwa ba ya taɓa rayuwar mutum ba. Yana taɓawa, amma ta hanyar da ido ke gani. A Ingila, inda ake raba yara rukuni-rukuni daga 1 ga Satumba, an daɗe da lura cewa waɗanda aka haifa daga Satumba zuwa Disamba sun fi yawa a makarantun horon ƙwallo. Yaron Satumba ya girmi na Agusta da kusan shekara guda alhali ajinsu ɗaya, ya fi shi tsawo da ƙarfi, sai a zaɓe shi, a ba shi horo, tazarar ta yi ta ƙaruwa. A karkarar Gambiya kuma, wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa waɗanda aka haifa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon amfani bai iso ba, sun fi saurin mutuwa da wuri bayan sun girma. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan lokacin da irin wahalarsa ga mai ciki da mai goyo. Abinci ne da tsarin makaranta, ba taurari ba.

Amma duk wannan lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa mun san ranakun. Nan ne maganar ta fi shafarmu.

A teburin nan akwai wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya fi shekara arba'in a Agege. Da ya ji muna maganar sai ya zaro katinsa na ɗan ƙasa ya nuna mana: 1 ga Janairu 1956. Na ce, "Baba, ashe ranar sabuwar shekara aka haife ka?" Ya girgiza kai. Ya ce mahaifiyarsa ta gaya masa an haife shi shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, da kaka, ana yankan gero, ranar Alhamis, shi ya sa ake ce masa Ɗanlami a gida. Mai cike takarda ya tambaye shi rana da wata, ya ce bai sani ba, sai aka rubuta masa 1 ga Janairu. Sarauniya Elizabeth kuwa ta zo Najeriya ne a farkon 1956, daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, har aka yi mata hawan daba a Kaduna. Shekarar ta yi daidai. Amma ba a yankan gero a Janairu. Bayanin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ya fi na katin kusa da gaskiya da wata takwas ko tara.

Irin Baba suna da yawa a Idi-Araba, da Obalende, da Alaba Rago, da Mile 12. Ka tara katunan dattawan kowane masallaci ka duba, za ka yi mamakin yawan 1 ga Janairu. Ranar ta zama masaukin duk wanda ba a rubuta haihuwarsa ba. Idan jikan Baba ya shiga intanet ya nemo masa shahararrun da aka haifa ranar, da wa ake haɗa shi? Da mutanen da bai haɗa komai da su ba, ko da ranar ce.

Kuma kada a ɗauka talakawa kaɗai abin ya shafa. Olusegun Obasanjo, wanda ake yi wa biki kowace 5 ga Maris, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar haihuwarsa ba, abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne ranar kasuwar Ifo ce. Buhari da bakinsa ya ce a Disambar 2017 shi a zatonsa shekararsa 74, sai aka ce masa 75 ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda dandalin da aka karɓi 'yancin kai a nan Legas ke ɗauke da sunansa, galibi wata da shekara kawai ake bayarwa, Disamba 1912. Shi kansa Sardauna akwai marubutan da ke sa haihuwarsa a 1909. An haife shi a Rabah ƙasa da shekara goma bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a gidan da ake lissafi da watan Musulunci. Ban faɗa wa ɗan yayata haka a daren ba, don ban so in kashe masa murna, amma 12 ga Yuni ɗin da yake riƙe da ita ta fi tabbata a wajensa fiye da a wajen Sardauna.

Ko inda aka rubuta ranar da kyau, sai a tambaya: da wace kalanda? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta a ƙarshen Safar 1168 bayan Hijira, wanda masana suka mayar 15 ga Disamba 1754. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Boko da wajen kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga sanyi zuwa zafi zuwa damina, sai bayan kimanin shekara 33 ya komo inda ya faro. To wa ke tarayya da Shehu, wanda aka haifa 15 ga Disamba ko wanda aka haifa ƙarshen Safar? A lissafin da Shehu ya sani, na biyun ne. Kuma a lissafin nan rana tana farawa ne daga faɗuwar rana. Jaririn da aka haifa Alhamis bayan Magariba, takardar asibiti za ta ce Alhamis, kakarsa za ta ce daren Juma'a, kuma duk gaskiya suka faɗa. Turawan ma ba su tsira ba. Da Fafaroma Gregory ya gyara kalanda a 1582, an kwana 4 ga Oktoba an tashi 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752. Isaac Newton, masanin kimiyya na Ingila, a lissafin ƙasarsa na lokacin, ranar Kirsimeti ta 1642 aka haife shi, a lissafin yanzu kuwa 4 ga Janairu 1643. Masu ranakun biyu duk suna iya cewa nasu ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kafin wannan yayi ya zo, Bahaushe yana da nasa hanyar ɗaura haihuwa da rana da kuma tarihi, kuma tana da ƙarfi. Ranar mako muke riƙewa, har mu sa ta a suna: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu da Ɗantala, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Muna riƙe lokaci: Azumi, Tasalla, Sallau, Marka. Yana da tushe a addini ma, domin da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da azumin Litinin, ya ce ranar ce aka haife shi. Shekara kuwa da abin da ya faru ake gane ta. Shekarar zuwan Sarauniya. Shekarar canjin hannu, 1972, da motoci suka koma tafiya ta dama. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Shekarar da aka kashe Murtala, 13 ga Fabrairu 1976, a Ikoyi. Shekarar Maitatsine, 1980. Mu mazauna Legas muna da namu: bikin al'adun Afirka na FESTAC a 1977, tashin gwamnati zuwa Abuja a Disambar 1991, fashewar bama-bamai a barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, da rikicin Idi-Araba da ya biyo baya 'yan kwanaki kaɗan.

Dubi bambancin. Yaron da ke cewa ranarsa ɗaya da Mandela ko Bush lamba ce kawai ta haɗa su. Amma matar da aka ce an haife ta makon da bama-baman Ikeja suka tashi, uwarta ta gudu da tsohon ciki a cikin tururuwar mutanen nan, ta ji ƙarar da kunnenta, ta san waɗanda suka faɗa ruwan Oke-Afa ba su fito ba. Tarihin ya shiga gidansu da gaske. Tsofaffinmu sun haɗa mu da abin da ya faru a shekarar da muka zo duniya, a ƙasar da muka zo, kuma a ganina wannan haɗin ya fi na kalanda nauyi nesa ba kusa ba.

Sai dai ofis ba ya karɓar "shekarar canjin hannu". Yau lambar NIN, da BVN ta banki, da fasfo, da rajistar JAMB, da layin waya, duk an ɗaure su da juna, kuma kowanne yana son rana da wata da shekara, iri ɗaya babu bambanci. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne a shekara 60 ko bayan aikin shekara 35, don haka ranar da ke fayil ɗinsa ita ce abincinsa. Baba mai goro ya ba mu labarin yadda aka taɓa rufe masa asusu na makonni, saboda a wata takarda an rubuta masa 1 ga Janairu, a wata kuma wani ya ƙaga masa wata ranar daban shekaru da suka wuce. Sai da ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru a kan ranar da shi kansa ya san ba ita ba ce. Ya ce abin da ya fi damunsa ke nan, rantsuwar. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar, amma har yanzu a unguwanninmu ana haihuwa a gida, a yanka rago ranar suna, a ci a sha, babu wanda ya rubuta komai. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin yaron da aka haifa a Agege bana ba shi da uzurin da Baba yake da shi, amma zai iya gadon wahalarsa.

Duk da haka ban ga laifin murnar ɗan yayata ba, kuma ba zan so a hana yara wannan binciken ba. Ranar haihuwa ƙofa ce mai sauƙin buɗewa. Yaron nan bai taɓa tambayata komai game da Sardauna ba sai daren nan. Kuma saboda maganar maigidansa, sai ya tambayi mece ce 12 ga Yuni a wajen mutanen Legas. Na gaya masa zaɓen 1993 ne, tsakanin M.K.O. Abiola da Bashir Tofa, wanda gwamnatin Babangida ta soke. Na gaya masa Abiola ya ci jihar Kano, mahaifar Tofa, abin da yara da yawa a nan, Hausawa da Yarabawa, ba su sani ba. Na gaya masa yadda baƙi suka riƙa ɗaure kaya suna barin Legas don tsoron abin da zai biyo baya, da yadda Abiola ya rasu a tsare a Yulin 1998, da yadda a 2018 Buhari ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni. Ya yi shiru, sannan ya ce gobe zai gaya wa maigidansa maganar Kano.

Haka 15 ga Janairu take. Wanda aka haifa ranar zai ga Gamal Abdel Nasser na Masar, 1918, da Martin Luther King, 1929. Amma in ɗan Najeriya ne, ranar ce a 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa daga gidansa a nan Legas. Ranar ce kuma a 1970 aka kawo ƙarshen Yaƙin Basasa a barikin Dodan da ke nan Legas, shi ya sa ta zama ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Wanda ya bi wannan zaren daga ranar haihuwarsa zai fito da sanin ƙasarsa fiye da abin da ya koya a aji.

Kafin mu tashi, Baba ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ka san ranar Sardauna, ka san ta Abiola. Taka fa, wace rana ce a mako?" Bai sani ba. Nan take ya kira mahaifiyarsa a Kano, ya sa wayar a fili muna ji. Ya ce, "Umma, wace rana aka haife ni?" Yayata ta ce ita ba ta san wani sha biyu ga wata ba. Ta ce Talata ce da asuba, mako guda bayan Maulidi, garin bai gama watsewa daga Takutaha ba, an kwana ana ruwa har ungozoma ta iso a jiƙe, kuma kakarsa Ɗantala take ce masa har ta rasu. Ya buɗe kalandar wayarsa ya koma 2001. Talata ce. Ya ce, "Umma, maimaita mini a hankali, rubutawa nake yi."